Ba Ke Kika Fasa Ƙodagon Ba

Gyadi-Gyadi, Kano.
Ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Zariya lafiya, kin samu ɗaki, kin samu abokan zama na kirki. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a inda kika sauka, ya sa karatun zanen gine-ginen da kika je nema ya zama alheri gare ki da mu baki ɗaya. Zan ba Innarku ta sa miki ita a ƙasan akwati, don kada ki gan ta sai kin yi nisa. Kin san halina. Abin da ke ciki ba zan iya faɗarsa ina kallon idonki ba.

Shekaranjiya Talata kika shigo ɗakin aikina, ɗakin da rabonki da taka shi shekara goma, kika durƙusa kika ajiye ƙaramin gwangwanin alewa a gefen teburina, kika ce, "Baba, ga tsarabar bankwana." Na buɗe na duba, na ce Allah ya yi miki albarka, na rufe. Kin fita kina zaton ban damu ba. Wallahi Uwani, bakina ne ya mutu. Tun daga lokacin zuwa yanzu ban iya riƙe allurar sassaƙa ba. Kafin in zo kan wannan, bari in gaya miki wasu abubuwa game da ubanki waɗanda ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba.

Ina ɗan shekara goma sha shida mahaifina ya kai ni wajen Malam Tanko mai carbi a Darmanawa. Tsoho ne siriri, da ƙodagon goruba yake sassaƙa 'ya'yan carbi, wato wannan farin ƙwallon mai tauri da ake samu a can ciki idan an gwaguye goruba an fasa ɓawonta. Idan ya bushe sosai yakan yi kamar hauren giwa. Ni kuwa na je da zumuɗi, ina ganin cikin mako guda zan fara fitar da abin kallo. Ranar farko ya miƙo mini ƙodago ɗaya ɗanye, ya ce in kai gida in rataye a rufin ɗaki, in riƙa zuwa ina share masa tsakar shago har ya bushe.

Na ce, "Malam, kwana nawa zai yi?"

Ya ce, "Damina biyu."

Na zaci wasa yake yi. Da na koma gida sai na binne shi cikin toka mai zafi a murhun mahaifiyata, wai ni mai dabara, zan busar da shi kafin a sauke tuwo. Ba a jima ba muka ji tau! kamar an harba bindiga. Toka ta watsu cikin miya, mahaifiyata ta yi tsalle tana salati. Washegari na kai wa Malam Tanko gutsattsarin a hannu, ina jiran duka. Bai ɗaga murya ba. Ya juya su da yatsa, ya ɗauko wani ɗanyen ya ba ni, ya ce, "Wancan ka ci masa kwana ɗaya. Wannan daga yau za mu fara ƙirga."

Haka na yi shekara biyu ina shara, ina wasa masa alluran da ake yi da tsinken keke a kan dutse, ina kallon hannunsa. A lokacin gani nake yi mugunta ce. Sai daga baya na gane cewa duk abin da na iya, a waɗannan shekaru biyun na koye shi: yadda yake zama ya kafa gwiwar hannu a cinya, yadda yake riƙe numfashi kafin ya kankare, ya sake shi bayan ya ɗaga allura, yadda yake tashi ya bar aikin da zarar ransa ya ɓaci ko rana ta karkata. Don haka idan kin je makaranta aka sa ki jan layi ɗaya har wata guda, kada ki raina. Kada ki nemi hanyar yanke. Ki ja layin.

Za ki ce ai na koyi darasi tun ina yaro. Ni ma haka na zata.

Wancan karon da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, shekara ashirin ke nan, lokacin ina sabon ango, ina aikin zanen taswira a ofis, na riga na bar carbi na koma sassaƙa ƙananan abubuwa: rumbu, kwalekwale, sirdin doki, hasumiyar masallaci, duk abin da ba shi da rai. Sunana ya ɗan fara fita. Sai wani ɗan siyasa a Tarauni, ba zan kama sunansa ba tunda ya rasu, ya aiko a kira ni. Ya ci zaɓe, zai yi walima bayan rantsarwa, yana son kyautar da zai ba wani babban baƙo daga Legas. Ya ce in sassaƙa masa ƙofar gari irin ta da, da ganuwa a gefe, da ƙyaure biyu masu buɗewa da rufewa, duk a ƙodago ɗaya. Saura mako uku.

Na san aikin wata huɗu ne. Na kuma san duk busassun ƙodagon da nake da su ƙanana ne, babban da zai ɗauki aikin watansa biyar kacal a rataye. Amma mutumin ya dafa kafaɗata a gaban jama'arsa ya ce, "Ga wanda aka ce babu kamarsa a Kano." Sai na ji bakina ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Na yi aikin, ya kuma yi kyau a ido. Kwana biyu kafin walima na ga wani siririn layi kamar gashi ya bi ta bayan ganuwar. Na san ko mene ne. Na ɗauko man kaɗe na shafe shi har layin ya ɓace, na naɗe cikin auduga na kai.

Ranar walima an cika gidan maƙil, manyan riguna ko'ina. Aka kira ni gaba, aka miƙa wa baƙon. Ya ɗora a tafin hannu yana mamaki, ya sa farce ya buɗe ƙyaure ɗaya, jama'a suka yi tafi. Ya taɓa na biyun, sai ƙofar ta rabu gida biyu a hannunsa. Wurin ya yi tsit. Can wani daga baya ya ce, "To, ko rantsuwar ba ta huce ba an fara rushe gari!" Aka fashe da dariya. Mai gidan bai yi dariya ba, kallona kawai ya yi. Da ƙafa na tako daga Tarauni har gida, ban san ma na baro kekena a ƙofar gidansa ba sai da Innarku ta tambaye ni.

Ga shi yanzu mun sake shiga irin wancan lokacin. Sojoji sun koma bariki, masu manyan riguna sun dawo, kowa sauri yake yi ya nuna ya yi aiki. Ke kuma gini kike shirin koya. Wata rana wani babba zai yabe ki a gaban mutane, sannan ya ce ki gama masa cikin mako uku abin da kika san na wata huɗu ne. Ki ce masa ba zai yiwu ba. Zai ɓata rai, ƙila ya ba wani. Ki bar shi ya ba wani. Ni ƙodago ne ya rabu a hannun baƙo, aka yi dariya aka watse. Ke abin da za ki zana, mutane ne za su kwanta a ƙarƙashinsa da 'ya'yansu. In kin ga tsaga, ki faɗa da bakinki tun kafin a tambaye ki. Kada ki shafa mata mai.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake yi mini nauyi.

Kina shekara tara kakarki ta rasu, mahaifiyata, wadda na sa miki sunanta, shi ya sa ban taɓa kiranki da sunan yanka ba sai Uwani. Bayan arba'in aka raba gado, aka sayar da gidanta na Unguwar Gano, wanda ya saya ya rushe shi cikin kwana uku. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce zan mayar da gidan cikin ƙodago: zauren, ɗakinta mai baranda, rumbun, turmin da ke jingine da bango, da rijiyar tsakar gida da guganta. Wata takwas na yi ina wannan aiki, kullum bayan na taso ofis har hasken rana ya ƙare. Ban taɓa son wani abu da hannuna ya yi kamar shi ba.

Kin tuna ranar, na san kin fi ni tunawa. Na dawo daga sallar la'asar na same ki tsaye a gaban tebur, gidan yana hannunki gida biyu. Kika ce, "Baba, ɗagawa kawai na yi, da kansa ya buɗe." Ban bari kin ƙarasa ba. Na mare ki, marin da ban taɓa yi wa wani ɗa ba kafin nan ko bayan nan. Na ce hannunki ba ya taɓa abu ya bar shi lafiya. Na ce kada in sake ganin ƙafarki a ɗakin. Na ƙwace gutsuren biyu na wurga cikin kwandon shara.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma duk baƙon da ya zo kallon aikina sai na ce masa, "Ai wanda ya fi duka kyau babu shi, Uwani ta fasa." Na faɗa wa kawunanki, na faɗa a ofis, na faɗa a ƙofar masallaci. Ƙannenki Nura da Habiba suka taso suka ji, suka laƙaba miki Fasau. Ko kofi ya faɗi a gidan nan sai an kira sunan, ina ji, wani lokaci har da ni a dariyar. Ke kuma sai ki sunkuyar da kai.

To shekaranjiya da na buɗe gwangwanin, abu biyu na gani a kan auduga. Na farko gutsuren nan biyu da na jefar, ashe kin tsince su kin adana. Na biyu gidan kakarki, cikakke, a ƙodagon da bai kai nawa girma ba. Zauren yana nan, rumbun yana nan, turmin yana nan. Har gurbin da ke jikin bangon ɗakinta inda take ajiye fitila, wanda ni na manta da shi, kin sa. Bayan kin fita na sake buɗewa, na karkata shi kaɗan, sai na ga gugan rijiyar yana lilo. Na zaci zare kika ɗaura. Na kai shi bakin taga. Ba zare ba ne. Sarƙa ce, ƙwaya bakwai, kowace tana cikin 'yar'uwarta, kin fitar da su daga jikin ƙodagon ba tare da kin haɗa da gam ba. Uwani, sau uku na gwada irin wannan a rayuwata, sau uku tana karyewa a ƙwaya ta uku. Malam Tanko da kansa ya ce mini ba a yi a ƙodago.

Na kira Innarku. Na ce, "Wa ya yi wannan?"

Ta ce, "Wa ya ba ka?"

Na ce, "Ina ta koya? Wa ya koya mata?"

Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Malam, shekara goma yarinyar nan tana zama a bayan tagarka da tiren tsintar shinkafa, kana aiki tana kallo. Alluran da ka ce sun dakushe ka zubar, ita ke tsincewa ta wasa a dutsen niƙa. Gorubar da kake faɗan ina saye kullum, ka zaci ci muke yi? Je ka ɗaga kai a madafi ka ga abin da ke rataye."

Na je na ɗaga kai. Ƙodago sun fi talatin a jere, kowanne da ƙullin zare mai nuna damina nawa ya yi. Shekara goma ina wucewa ta ƙarƙashinsu.

Na ce, "Yankan da ke yatsunta fa, da kuke cewa wuƙar albasa ce?"

Ta ce, "Ka taɓa ganin albasa ta huda yatsa?"

Na ce don me ba ta gaya mini ba. Ta ce ke kika roƙe ta, kin ce sai kin biya ni gidan da kika fasa tukuna. Wannan na huɗu ne, ukun farko sun lalace, shi kaɗai ya ci shekara uku.

Ban iya zama ba. Na ɗauki gwangwanin na tsallaka gidan maƙwabcinmu Malam Istifanus, tunda shi malamin kimiyya ne, yana da gilashin nan mai ƙara girman abu wanda ya fi nawa ƙarfi. Na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa yana duba takardun ɗalibai. Sarƙar kawai na je in gani da kyau. Ya duba ya daɗe, ya ce, "Malam Sa'idu, ka ƙure kanka a wannan." Na ce ba ni ba ne, Uwani ce. Ya cire tabarau ya kalle ni, ya mayar, ya sake dubawa. Sannan ya ɗauki tsofaffin gutsuren ya ce, "Wannan ne wanda ka daɗe kana ba mu labari?" Ya sa su ƙarƙashin gilashin. Can ya miƙo mini ya ce, "Kai ne mai sana'ar. Duba cikin tsagar ka gaya mini abin da ka gani."

Na duba. Idan abu ya faɗi ya fashe, cikinsa fari ne tas tun daga baki har ƙasa. Wannan ba haka yake ba. Bakin tsagar ya yi ruwan ƙasa, ya shiga ciki fiye da rabi, sai can ƙarshe ɗan farin wuri kamar ƙwayar gero, wanda shi kaɗai ya rage yana riƙe da shi. Ruwan ƙasan nan mai ne. Man kaɗen da na shafa da hannuna ne ya tsiyaya cikin tsagar da ta riga ta buɗe tun kafin ki taɓa shi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A kan bencin Malam Istifanus abin ya dawo mini kamar yau aka yi. Ƙodagon nan ban jira ya cika damina biyu ba, saboda zafin rasuwar ya sa na ƙagu in fara. A wata na bakwai na ga siririn layi ya bi ta bayan rumbun. Na ce wa kaina jijiyar ƙodago ce, na shafa mai. Na sani, Uwani. Wani ɓangare na zuciyata ya sani tun ranar da na ɗaga hannu a kanki. Gaskiya kika faɗa, da kansa ya buɗe. Ko ba ki taɓa shi ba, da ya buɗe a kan teburin cikin mako. Na yi irin kuskuren Tarauni sak, amma wannan karon na samu yarinya 'yar shekara tara na ɗora mata, na kuma maimaita har ni kaina na yarda.

Malam Istifanus ya ga yadda na koma, ya kawo mini ruwa. Ya ce, "Yarinyar ba ta tafi ba tukuna, ko?" Na ce sai Asabar. Ya ce, "To kana da kwana huɗu." Ga shi biyu sun wuce, na kasa, sai takarda.

Ba ni da abin da zan koya miki game da haƙurin aiki, kin wuce ni nesa. Abin da zan gaya miki wani ne daban, kuma ki riƙe shi fiye da duk abin da na rubuta a sama. Haƙurin da ƙodago yake so daidai ne, ki ci gaba da ba shi. Amma haƙurin da kika yi da ni ya yi yawa. Kin faɗi gaskiya sau ɗaya, aka mare ki, kika yi shiru shekara goma, har kika zauna kina biyan abin da ba ki ɓata ba. Wannan ya tsorata ni fiye da komai. Inda za ki akwai malamai, akwai shugabannin aiki, wata rana akwai miji. A cikinsu za a samu mai irin halina, wanda zai yi kuskure ya nemi mai shiru ya jingina masa. Kada ki zama mai shirun nan. Ki faɗa da ladabi, in ba a ji ba ki sake faɗa, in an ƙi ki nemi wanda zai saurara. Ko ni ne, ki tsaya ki ce, "Baba, ba haka aka yi ba."

Ki kuma kula da idonki. Kada ki yi ƙaramin aiki sai da hasken rana, kuma duk bayan ɗan lokaci ki ɗaga kai ki kalli nesa. Na naɗe miki alluraina shida masu kyau da ƙaramin magagarin goge ƙodago na Malam Tanko a cikin tsumma, suna gefen akwatin ta dama. Ki daina aiki da abin da na zubar.

Jiya da kika tafi unguwar Babban Giji yi wa gwaggonki sallama, na tara Nura da Habiba a tsakar gida, Innarku tana zaune. Na nuna musu tsagar, na gaya musu ni na fasa gidan kakarsu, ba Yayarsu ba. Na ce daga yau sunan nan ya mutu a gidan nan. Sai Nura ya ce, "Baba, ai Yaya ta taɓa gaya mana ba ita ba ce. Mu ne muka ce ƙarya take yi, tunda kai ka faɗa." Habiba ta fashe da kuka. Gobe bayan Juma'a zan fara da kawunanki, sannan mutanen masallaci, duk wanda na tuna na gaya wa zan bi shi in warware.

Saura ke. Ki yafe mini, Uwani. Na zalunce ki, kuma na daɗe ina yi. Ba na son ki amsa don kunya ko don ni ubanki ne. Idan kin natsu ki rubuto mini. In kin yafe ki ce kin yafe. In kuma da saura a ranki, ki rubuta haka ɗin, zan karanta, zan jira.

Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya kiyaye ki daga zaluntar wani kamar yadda nake roƙon ya kiyaye ki daga a zalunce ki. Allah ya yi wa hannunki albarka, ya ba ki lafiya, ya dawo mana da ke muna raye. Innarku da ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sa'idu.